Ga mai son barin hayar birni ya koma garuruwan gefen Kano

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban samu zama ba sai yau. Ka ce kai ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, asalinka ƙasar Ringim, shekara goma sha ɗaya kana haya a Kurna, yanzu Allah Ya hore kana so ka sayi fili a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan nan na gefen Kano da masu hali suke komawa, kana tambaya shin zaman can ya kai yadda ake zuzuta shi, kuma me ya kamata ka duba kafin ka zuba kuɗinka.

Toh ni dai sana'ata awon filaye, safiyo kenan, na haura shekara ashirin a kai. Kuma a irin garin da kake magana aka haife ni, ta hanyar Zariya a ƙasar Dawakin Kudu, har gobe nan nake zaune. Gonar da na yi noman gyaɗa da mahaifina ina yaro yanzu gidaje ne a kanta masu get da fitilar sola, wasu ma ni na kafa musu duwatsun iyaka da hannuna. Don haka abin da zan faɗa maka na gani ne daga ɓangaren mai saye da kuma ɓangaren mai sayarwa.

Daɗin zaman gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya saba da lungun Kurna in ya kwana ɗaya a nan zai ji bambanci a ƙirjinsa, iska tana shigowa, da daddare shiru sai kukan kwaɗi in damina ce, yara suna da filin gudu, zaka iya dasa mangwaro da zogale a tsakar gida ka ajiye tunkiya biyu ba mai ce maka wari ya dame shi. Nono da safe Fulani zasu kawo har ƙofa, kayan miya daga lambu kai tsaye. Kuɗin da zai saya maka ɗan ƙaramin gida a cikin gari a nan zai baka fili mai ƙafa hamsin a ɗari har ka fara ɗora bulo. Wannan duk haka yake.

Amma abin da dillali ba zai faɗa maka ba shi ne, duk wani jin daɗi da ka hango a gidajen nan mai gidan ne ya saya da aljihunsa. Ruwa nasa, wuta tasa, hanya ta karo-karo ce, tsaro ma haka. Kowane gida ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Masu kuɗi sun zo ne kafin gwamnati ta iso, shi yasa zaka ga gida na gani na faɗa amma layin da yake kai ko kwalbati babu.

Bari in fara da ƙasar kanta tunda nan ne fagena, kuma nan ne mutane suka fi yin kuka.

Fili iri biyu zaka tarar, awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, aka fitar da tituna masu faɗi, aka ware wurin makaranta da masallaci da maƙabarta da asibiti, kowane fuloti da lambarsa. Yafi tsada nesa ba kusa ba. Awon igiya kuwa mai gona ne ko dillalin da ya sayi gonar zai kira masu awo a yanka ta fegi-fegi, kuma shi burinsa ya fitar da fegi da yawa, saboda haka hanya ce take shan wahala. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, fuloti mai ƙafa 50 a 100 kuma wajen murabba'in mita 450 ne, kaga in ba a cire komai ba zata bada ashirin da biyu, amma in aka fitar da hanyoyi na kirki dole adadin ya ragu sosai. Toh wannan ragin shi ne mai yanka baya so. Sai ya bar maka layi ƙafa goma sha biyar, kai kuma ranar da ka zo gani duk fili ne fetal baka lura ba, sai bayan kowa ya tada katanga, wannan ya ci taku ɗaya ya yi dakali, wancan ya fito da sokawe waje, a wayi gari mota biyu basa iya wucewa. Akwai layin da na sani, gidaje masu kyau wallahi, ranar da gobara ta tashi motar kashe gobara a bakin layi ta tsaya, da bokiti aka yi ta fama. Tun daga ranar duk wanda ya kira ni yankan gona in bai yarda da faɗin hanya ba nake ce masa ya nemi wani.

Ban ce kada ka sayi awon igiya ba, mafi yawan mutanenmu a kansa suke zaune lafiya. Amma ka tafi da tef ɗinka ka auna layin da kanka, ka tambaya ina aka bari na makaranta, ina maƙabarta, ruwan sama in ya sauka ina yake bi.

Sai takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha gaba ɗaya a hannun gwamna amana, abin da kake saye haƙƙin zama ne da amfani, shi yasa ko satifiket ɗin da ake bayarwa na gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa. Takardar ciniki mai hatimin mai unguwa da dagaci tana da amfani ƙwarai, ita ce shaidar cewa mutanen gari sun san da cinikin, amma bata hana gwamnati zuwa ta ce wurin yana cikin wani tsari nata. Kuma in aka zo karɓa, diyya a doka ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa. Saboda haka kafin ka biya ko sisi ka sa safiyo ya ɗauko maka lambobin wurin da na'ura, a je ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba ko akwai wani awo a kai, sannan in zaka yi gini ka nemi izini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, in wurin yana cikin hurumin su. Mutane suna ganin kuɗin binciken nan asara ne, alhali bai kai kuɗin get ɗin da zasu saka ba. Ka kula da ƙarƙashin babbar wayar wuta musamman ɓangaren Kumbotso inda tashar take, ka kula da inda layin dogo zai bi, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, da gefen manyan tituna da ake faɗaɗawa. Duk filin da ka ji arhar sa ta yi yawa a irin wuraren nan akwai dalili.

Abu na uku a kan ƙasa, kuma shi yafi kawo shari'a, gado. Gonakin nan yawancinsu na gandu ne, uba ya rasu ba a raba ba, babban wa yana nomawa shekara da shekaru har kowa ya ɗauka tasa ce. Ya sayar, ka gina, bayan shekara biyar ƙanwarsa da take aure a wani gari ta zo da takardar kotu, kuma tana da gaskiya don haƙƙinta ne Allah Ya bata. Ka tambaya gonar waye asali, magada nawa ne, an raba ko ba a raba ba, mata sun sa hannu? In aka ce maka "ai matan ba matsala", toh nan matsalar take. Ka nemi ganinsu ko wakilansu, in da takardar rabon gado ta kotu a nuna maka.

Ruwa kuma. Kada ka ɗauka don matatar Tamburawa tana kusa zaka samu famfo, bututun birni ya nufa, sabbin unguwanni kowa burtsatse yake haƙawa. Kuma ƙasar Kano ba irin ta wajen ku bace ta Jigawa inda yashi ne a ƙasa ruwa yana kwance, nan dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagar dutsen da ruɓaɓɓen samansa. Shi yasa maƙwabcinka zai haƙa ya samu kai ka haƙa taku talatin daga nasa a tashi da ƙura. Kafin ka saya ka zaga gida uku huɗu ka tambayi zurfin da suka yi da kuma ko ruwan yana ɗaukewa a watan Afrilu da Mayu, lokacin ne ake gane rijiyar gaskiya. In ka ga 'yan garuwa suna ta kai kawo a layin masu kuɗi toh ka san amsar. Sannan ka lura da nisan burtsatsenka da sokawen maƙwabci, a ƙananan fegi wannan abin yana jawo ciwon ciki da taifod mutane basu san daga ina bane.

Wuta ba sai na ja ba, ka san halin da ake ciki. Sabuwar unguwa ku zaku haɗa kuɗi ku sayi turaku da waya, wani lokacin har taransifoma, in ta lalace ku zaku sake haɗawa. Yanzu kusan duk wanda ya gina sola yake sawa, ka saka kuɗin faranti da batir da inbata cikin lissafin ginin tun farko, kuma famfon burtsatsen ma ka yi shi na sola ka huta da janareta.

Yanzu hanya, wadda ita ce zata ci rayuwarka kullum. Kai Kwari kake zuwa. Garuruwan nan kowanne da titin da yake rataye a jikinsa. Hanyar Katsina akwai Dawanau da Tumfafi, kasuwar hatsi ta Dawanau ta sa kuɗi suna yawo a wajen sosai, amma ka fi ni sanin cunkoson Kurna zuwa Miltara da yamma, ga manyan motoci. Hanyar Gwarzo akwai Danbare da Langel da Janguza, sabuwar jami'ar Bayero ce ta ja mutane can, malamai da ma'aikata sun fi yawa. Hanyar Haɗeja akwai Gunduwawa da Jogana har Gezawa, ita ce ma ta fi maka sauƙin zuwa gida Ringim. Hanyar Madobi akwai Panshekara da Zawaciki inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantenoni ta kan tudu, a 2023. Namu ɓangaren na Zariya akwai Dangwauro da Tamburawa da Kwanar Dawaki, nan ne aka gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana a mulkin Kwankwaso na biyu tsakanin 2011 da 2015, shi kuma Bandirawo aka kai shi hanyar Katsina. Waɗannan rukunan su suka fara sa mutanen birni suka daina jin nisan wurin.

Ranar Lahadi da hantsi dillali zai ɗauko ka, titi fayau, minti ashirin kun iso, ya ce ka gani ai kusa ne. Kada ka yarda da wannan. Ka zo ranar Litinin ka kwana a wajen wani, ka fita ƙarfe bakwai lokacin kai yara makaranta, ka dawo bayan magariba, sannan ka lissafa man da ka ƙona ka ninka sau ashirin da shida, kwanakin fitarka kasuwa a wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na san mutanen da suka rufe gidajensu na nan suka koma haya a gari, wasu kuma suka ajiye mota suna hawa Adaidaita Sahu zuwa bakin titi. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidanka ma wani abu ne, in burji ne ko jar ƙasa ka zo ka gan shi a watan Agusta. Filin da duk zaka saya ka gan shi da damina, fadama da rani kamar tudu take.

Makaranta akwai masu zaman kansu sun cika ko'ina, Islamiyya kuwa ba a magana, wannan ba zai dame ka ba a matakin firamare. Asibiti ne abin tunani. Na sha-ka-tafi da kemis akwai, amma naƙuda ta rikice ƙarfe biyun dare sai Asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala, saboda haka ka san wa zai ɗauki iyalinka in kana Legas saro kaya.

Wannan ya kawo ni kan abin da nafi so ka ji, duk sauran kuɗi na maganinsu amma wannan baya yi.

Wurin da zaka koma ba daji bane da aka share, garin wasu ne. Kafin ni da kai a haife mu mutanen nan suna noma ƙasar nan shekara bayan shekara ba hutu, jakuna suna kai itace birni su dawo da toka da shara a mangala a zuba a gona, da haka ƙasar take ciyar da su. Yanzu gonakin sun zama fegi. Wani ya sayar ya je Makka ya yi wa 'ya'ya aure ya sayi babur, shekara uku kuɗin suka ƙare. Wani gwamnati ce ta yi awo aka yi kashe-mu-raba, aka bashi 'yan fulotai ya sayar da su tun suna takarda. Akwai wani dattijo a garinmu, sa'an babana ne, kullum in na fita sallar asuba ina wuce shi a kan benci a ƙofar wani gida da bargo da tocila da 'yar rediyo. Gadi yake yi. Gidan a kan gonarsa yake, kuma bishiyar ɗorawar da mai gidan ya bari a cikin katanga mahaifin dattijon ne ya raine ta. Wata rana ya ce min in ta yi 'ya'ya yakan roƙi yaran gidan su tsinko masa. Ba wanda ya zalunce shi, da hannunsa ya karɓi kuɗi, ni na auna ma. Amma na kasa mantawa da maganar.

Toh irin waɗannan su ne maƙwabtanka, da 'ya'yansu da basu da gonar da zasu gada, suna leburanci a ginin baƙi, suna kallon motoci suna shiga get. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu kunya da kara. Amma in baƙo ya zo ya ja katanga mai tsawo ya ɗora waya, ya shiga da gilas a rufe ya fita a rufe, ya gina ɗan masallacinsa a ƙofar gida shi da direbansa, ba gaisuwa ba jana'iza ba suna, toh shi ma haka za a bar shi. Ranar da ɓarayi suka haura ba wanda zai fito. Na ga wannan ba sau ɗaya ba. Kuma na ga akasin haka, wani bawan Allah ma'aikaci da ya zo, abin da ya fara yi bayan haƙa burtsatse shi ne ya fito da kan famfo biyu ta bayan katanga, ƙarfe shida zuwa tara yara da mata suna ɗiba. Da aka yi rasuwa a cikin gari ya cire babbar riga ya karɓi magirbi a maƙabarta. Yau in ya yi tafiya wata guda gidansa ko kaza bata ɓata, matarsa ta haihu yana Abuja, matan gari ne suka kwana da ita, mai Adaidaitan da ya kai ta asibiti ko kuɗi ya ƙi karɓa.

Kai ɗan Ringim ne, wannan ba sai an koya maka ba, ka san yadda ake shiga gari. Ka fara da mai unguwa, a kai ka wajen dagaci da liman, ka riƙe ɗan goro. Kuɗin 'yan sintiri na wata ka biya a kan lokaci kada sai an yi ta sallama. In zaka ɗauki lebura ko mai gadi ko mai kawo yashi ka fara da 'yan gari. Ka bar yaranka su shiga Islamiyyar da 'ya'yan gari suke zuwa. Zakkarka da ta kono in lokaci ya yi ka duba bayan katangarka kafin ka aika da ita wani wuri. Kuma in akuyar wani ta shigo ta ci maka fulawa ka yi haƙuri, kafin ka zo nan makiyayarta ce.

Sai uwargida, don Allah ka yi shawara da ita da gaske. Kai da safe ka fice sai dare, ita zata wuni. Matar da ta saba da gidan haya, ga maƙwabta ga 'yan uwa ga biki kusa, in tana 'yar sana'arta ta cikin gida ga masu saye a ƙofa, ka kawo ta layin da gida uku ne kawai aka tare sauran duk kango ne da ciyawa, kaɗaici zai dame ta, kuma kangwayen nan da ba kowa su ne maɓoyar ɓata-gari. Shi yasa nake ba mutane shawara su sayi wanda yake jingine da tsohon gari ko layin da aka riga aka cika, ko da ya fi tsada ko ya fi ƙanƙanta, a kan babban fili can tsakiyar gonaki da ake ce maka nan da shekara biyu zai cika. Wani ya cika ɗin, wani shekara goma yana nan yadda yake.

In ni ne kai ga yadda zan yi. Zan kama hayar gida a garin da nake so na shekara ɗaya, in ga raninsa in ga daminarsa, in san waye waye, a cikin zaman nan mutanen gari da kansu zasu nuna min filin da ba rigima, sau da yawa ma da sauƙi fiye da na bakin dillali. In na saya zan kewaye in haƙa ruwa in dasa itatuwa tun kafin gini, in yi ɗakuna daidai buƙata in tare, sauran a hankali. Kada ka zare jarin kasuwa ka zuba a bulo, na ga 'yan Kwari da yawa da gida ya tsaya a linta shago kuma ya koma ba kaya.

Ka faɗa min hanyar da zuciyarka tafi kwantawa da ita, da yawan iyalinka, da ko kana da mota, sai in faɗa maka garuruwan da zaka fara zagawa da waɗanda ruwa yake kwanciya. In kuma ɓangarenmu ne ka bari sai an yi ruwa mai ƙarfi ka kira ni washegari da safe mu taka da ƙafa. Allah Ya sa albarka a abin da ka tara, Ya zaɓa maka maƙwabta na gari.